Karkatacciyar Tsagar Kawu

Ranar da aka rataye hoton Kawu a ƙofar gida, kwana biyu da rasuwarsa, ba wanda ya yi kuka a gabansa. Masu zuwa gaisuwa sai su ja su tsaya, su ɗaga kai, su dubi juna, sannan su sunkuya su shige. Babban ɗansa ne ya zo da shi daga Kaduna, an buga shi ƙato a kan leda. Tsohon hoton Kawu ne na zamanin soja, ɗan mitsitsi, ya koɗe. Su kuwa masu bugawa da suka ga layuka a kumatunsa sai suka ɗauka karcewar takarda ce, suka share su tas da kwamfuta. Abin da ya fito wani saurayi ne mai sulɓin fuska, kyakkyawa ba laifi, amma ba namu ba.

Abokansa tsofaffin sojoji su uku sun zo da sandunansu, sun jeru za su sara masa, sai babbansu ya sauke hannu ya tambaya ko sun ɓata gida ne. Alhaji mai shagon hatsi, maƙwabcin da suka shekara da shekaru suna faɗa a kan awaki, ya daɗe yana kallo, sannan ya ce da Kabancinsa, yana kiran Kawu da muƙaminsa na soja, "Wanga ba Saja na ba." Ya share ido da hannun riga ya koma kan tabarma. Matan coci sun ce ai ya yi kyau, a bar shi, amma da suka fara waƙa su ma baya suka ba shi. Aka shiga duba wayoyi ko za a sami wani. Ina! Kawu in ya ga an ɗaga waya sai ya ƙame ya sara, hannu ya rufe rabin fuska. Sauran hotunan kuma daga nesa aka ɗauka, tsufa ya haɗiye tsagar.

Da hantsi aka kawo Inna Babba daga Manga a bayan babur. Ita ce yayar Kawu kuma yayar mahaifiyata, ita kaɗai ta rage a ɗakinsu, idanunta sun yi rauni sosai. Ta sa aka kai ta jikin ledar, ta miƙa hannu ta shafa kuncin hagu sama da ƙasa, ta ja tsaki. Sai ta ce a kira mata ni.

Na durƙusa a gabanta. Ta ce ta ji labarin ina koyon zane a wurinsa, har na zana shi kansa da ransa.

"Kawo mini ƙanena in gan shi kafin a rufe shi gobe," in ji ta.

Na ce to, Inna. Amma na san abin da ke cikin takardar nan, na kuma san dalilin da ya sa na kulle ta a ƙasan akwati wata biyu ban buɗe ba.

Kawu yayan mahaifiyata ne. Ya shiga soja yana saurayi, kamar yawancin samarin ƙasarmu a lokacin, kuma aikin da aka ba shi na ido ne: ya hau tudu ya zano abin da ke gaba, ina rafi, ina gada, ina itatuwa suka yi duhu. Da ya yi ritaya ya dawo Zuru ya kama noman dawa, amma fensir bai bar aljihunsa ba. Bayan kalanda, kwalin sukari, takardar asibiti, duk abin da ke da farin baya sai ya zana wani abu a kai. Hausarsa ta bariki ce, ba ruwanta da namiji ko mace, kowa "kai" ne a bakinsa, har matarsa. "Zana" da "zane" ma ba ya rarrabe su. Ina ƙarama ya taɓa kira na ya ce in zo ya zane ni, na kwasa da gudu ina ihu ban yi komai ba, ashe bawan Allah hotona yake so ya yi.

Ni kuwa ban taɓa damuwa da zane ba sai da na kusa shekara arba'in. Malamar firamare ce ni, lissafi nake koyarwa. Malamin zanenmu ya sami canjin wurin aiki, shugabar makaranta ta dube ni ta ce in riƙe ajinsa kafin a turo wani. Ranar farko na zana akuya a allo. Na tambayi yara mene ne wannan, suka haɗa baki suka ce kare. Wata yarinya mai tausayi ta ce a'a, tebur ne. Ran nan da aka tashi ban biya gida ba, gidan Kawu na nufa, ina cike da haushi.

Ya saurare ni yana fiƙe fensir da reza. Da na gama sai ya ce in juye jakata a tabarma. Ya tsinci kilinar goge fensir sabuwa fil a cikin tarkacen, ya jefa ta a aljihun rigarsa, ya ɓalla maɓalli.

"Malama, a gidan nan ba a gogewa. In layi ya ɓace, bar shi, ja wani a gefensa. In ka goge, gobe a nan za ka sake faɗawa."

Daga nan kowace Asabar da safe ina ƙarƙashin mangwaron gidansa. Na zaci da fuskoki za mu fara. Tulu ya ajiye mini. Asabar huɗu ina zana tulun nan, har na tsane shi, har na ce wa matarsa in ta ji ya fashe kada ta nemi kowa, ni ce. In na sunkuyar da kai kan takarda sai ya ƙwanƙwasa ƙasa da sanda, ya ce tulun yana can, me nake nema a takarda da ban sa mata ba? Ya koya mini in miƙe hannu da fensir, in rufe ido ɗaya, in auna tsayi da faɗi da babban yatsa. Ya koya mini in ƙanƙance ido har tulun ya koma duhu da haske kawai, in fara da duhun. Da muka koma kan akuya ya hana ni zana ƙafafu, ya ce in zana filin da ke tsakaninsu. Na ce masa wannan ai wasa da hankali ne. Na yi don in nuna masa ba zai yiwu ba, sai ga ƙafafu huɗu sun tsaya da kansu.

Abin da ya fi faɗa a kai shi ne nauyin hannuna. Ya ce ina riƙe fensir kamar fartanya, ina huɗa a takarda. Yakan juya takardar ya nuna mini yadda layukana suka kumburo ta baya. Na yi ƙoƙari in sassauta, amma da zarar na mai da hankali ga abin da nake kallo sai hannun ya koma halinsa.

Maganarsa ta kullum, wadda na ji har ta zauna mini a kunne, ita ce in zana abin da na gani, wanda na sani in baro shi a gida. Ya ce a zamanin yaƙi akwai wani abokin aikinsa da ya zana gada a kan rafi don ya san da gada a wurin, bai duba ba, alhali an riga an karya ta. Bai ƙarasa labarin ba, ni ma ban tambaya ba.

Kawu ba ya yabo. In abu ya yi, sai ya rubuta ranar a ƙasan takarda ya miƙo mini, shi ke nan. Amma wata Talata ina cikin aji na sake zana akuya a allo, yara suka ce akuya tun kafin in sa mata ƙaho. Ina waiwayawa sai ga shi a taga, da tsohuwar hularsa ta soja, ya tako tun daga gida a ƙasa da ciwon gwiwarsa. Ya ƙame ya sara wa akuyar. Yara suka fashe da dariya, shi kuwa ko murmushi bai yi ba, ya ajiye mini fensira uku fiƙaƙƙu a bakin taga ya juya. Na daɗe ban ji daɗi irin na ranar ba, kuma ban taɓa gaya masa ba.

Farkon daminar bana ya ce lokaci ya yi da zan zana mutum, kuma shi zan zana. Ya yi aski, ya sa farar riga, ya zauna a kujerarsa ta katako, ya juyo mini kuncin hagu. Sai a ranar na kalli fuskar Kawu da gaske, ni da na tashi a gabansa. Tsagar gidansu biyar-biyar ce a kowane kunci, daga gefen baki zuwa wajen kunne, a jere. Na dama lafiya lau suke. A hagu kuwa ta huɗu ta taho daidai har tsakiya, sai ta karkace ta gangaro ta ratsa ta biyar.

Na zana ta yadda take. Allah ya sani na zana ta, da nauyin hannun nan nawa. Sai da na ja baya na dubi takardar na ga wurin ya yi kama da kuskure. Na ce a raina duk wanda ya gani zai ce Malama ce hannunta ya goce. Hoton ya yi kyau fiye da duk abin da na taɓa yi, goshin nan, kunnuwan nan, har yadda yake tsuke baki, kuma ina so a yaba. Akwai wata kilina da na ɓoye a ƙullin zanena tun watanni, wadda nake amfani da ita a gida. Da Kawu ya tashi zagayawa na ciro ta na goge layin, na ja sabo miƙaƙƙe sumul kamar 'yan'uwansa, na hure takardar.

Ya dawo ya karɓa. Ya daɗe yana kallo. Sai ya ɗora babban yatsansa a kuncin hagu na hoton ya shafa a hankali, ya tsaya.

"Ka gan ta," ya ce. "Da ba ka gan ta ba, da sauƙi. Ka gan ta, ka zana ta, sannan ka goge."

Da na yi shiru a nan, da an wuce wurin. Amma bakina ba ya shiru, kowa a dangi ya sani. Na ce Kawu ai gyara na yi maka. Na ce wa ya damu da tsaga yanzu, yaran da ke da ita a makarantarmu tsokanarsu ake yi, ni da na so ma da na rage su gaba ɗaya. Na ce shekara guda ina zuwa gidan nan, ko sau ɗaya bai taɓa cewa na yi ƙoƙari ba, yau na yi abin kirki ya tsaya a kan layi ɗaya. Matarsa ta leƙo daga madafa ta ce in yi a hankali. Ban yi ba.

Bai ɗaga murya ba. Bai rubuta rana a ƙasan takardar ba, ya miƙo mini ita haka nan, ya ce in dawo Asabar mu sake zama.

Ban dawo ba. Asabar ta farko fushi ne. Ta biyu na ce ina da wanki. Ta uku kunya ce ta hana ni, daga nan kuma kowace Asabar sai kunyar ta ƙaru a kan ta baya. Tsakanin gidana da nasa ba a hawa babur, amma na riƙa zagayawa ta bayan kasuwa don kada in bi ta ƙofarsa. A coci in na hango hularsa sai in fita ta ɗaya ƙofar. Ya aiko matarsa da fensir guda fiƙaƙƙe, ya ce ta gaya mini kujera na nan, fuska ma na nan, amma ba ta da tabbas. Na yi dariya na ce Kawu da zolaya, na ce zan zo in an gama jarrabawa. Ana cikin jarrabawar, wata Alhamis da safe, zazzaɓin kwana uku ya tafi da shi. Ina tsaye a aji ina raba takardu aka zo aka gaya mini.

To, wannan takardar ce Inna Babba ta ce in kawo mata.

Na je gida na ciro ta. Na zauna da fensir a hannu in gyara kafin in kai, sai na rasa ta inda zan fara. A ina ta fara karkacewa? Kusa da baki ko kusa da kunne? Ta ratsa ta biyar ta wuce, ko a kanta ta tsaya? Na rufe ido na nemi fuskar Kawu, sai miƙaƙƙen layin da na ja nake gani. Na yi kuka a wurin kamar ƙaramar yarinya. Na yi tunanin in ce takardar ta ɓace, in ce ruwa ya jiƙa ta. Daga baya na ga ƙarya ɗaya ta isa a kan takarda ɗaya, na naɗe ta yadda take na koma gidan makoki.

Na sami Inna Babba a ɗakin matar Kawu, an shimfiɗa mata tabarma kusa da ƙofa inda haske yake. Kafin in ba ta na gaya mata komai, har maganganun da na yaɓa masa. Na zaci za ta zage ni. Sai ta tambaye ni ko ya taɓa gaya mini yadda aka yi tsagar nan ta karkace. Na ce a'a.

Ta ce ita ce ta karkatar da ita. Suna can kan dutse a lokacin, kafin gidansu ya sauko. Ranar da za a yi masa tsaga ita aka sa ta riƙe masa kai a cinyarta, don ba ya yarda da kowa sai ita. An gama dama, an yi uku a hagu, ana cikin ta huɗu ya gantsara mata cizo a yatsa, ta saki kan, aska ta goce. Ta nuna mini yatsan, tabon haƙori na nan har yau. Ta ce ta sha duka ran nan, shi kuma ya yi shekaru yana ce mata ita ta ɓata masa fuska, 'yan mata ba sa kallonsa.

Sai yaƙi ya zo ya tafi. Aka daina jin labarinsa, daga baya wani da ya dawo ya ce a gabansa aka harbe shi. Aka yi makoki aka gama, aka raba kayansa. Bayan shekara biyu sai ga wani mutum a bakin gida da rana tsaka, ƙashi da fata, gashi ya zube, murya ta dushe, yana cewa shi ne. Mutane suka watse da gudu suna cewa fatalwa ce. Waɗanda suka tsaya suka ce ɗan damfara ne, ai tsaga biyar-biyar kowa na wannan dutse yana da ita. Mahaifiyarsu kuka ya riga ya cinye mata ido. Ta ce a kawo mata shi. Ta shafa kuncin dama ta wuce. Ta shafa na hagu, ɗaya, biyu, uku, da yatsanta ya bi ta huɗu ya gangara sai ta ƙwala ihu ta rungume shi.

"Tun daga ranar bai sake cewa na ɓata masa fuska ba," in ji Inna Babba. "Cewa yake yi da ita ya shiga gida."

Shekara guda yana hana ni gogewa, na ɗauka taurin kan tsohon soja ne, ban taɓa tambayarsa dalili ba. Da na koma Asabar ɗin nan da ya ce, na tabbata da ya gaya mini da bakinsa.

Ta miƙo hannu na ba ta takardar. Ta kai ta dab da ido, ta ce ba ta ganin komai sai duhu-duhu. Sai ta shimfiɗa ta a cinya, ta ce in ɗora mata yatsa a kuncin hagu. Na ɗora. Ta bi layin farko, na biyu, na uku. A na huɗu yatsanta ya taho har tsakiya, sai na ga ya bar baƙin layin da na ja, ya gangara ta inda ido ba ya ganin komai sai farar takarda, ya ratsa ta biyar ya tsaya.

"Ga ta nan," ta ce. "Wa ya ce miki ta goge?"

Na karkata takardar wajen haske. Kilina ta ɗauke baƙin fensir, amma ramin da nauyin hannuna ya huɗa yana nan, siriri, daga inda ya fara har inda ya ƙare. Shi Kawu ya taɓa da babban yatsansa ran nan.

Inna Babba ta ce in mayar masa da abinsa. Na ciro fensirin da ya aiko mini, wanda ban taɓa sa shi a takarda ba, fiƙin rezarsa na nan yadda ya yi shi. Na sa bakinsa a ramin na bi a hankali. Matar Kawu ta tsaya a kaina tana kallo. Da na kai ƙarshe ta toshe baki da gefen zane ta fita, na ji kukanta a tsakar gida, irin wanda ba ta yi ba tun ranar Alhamis.

Miƙaƙƙen layin da na ja don a yabe ni na bar shi a wurin, gefe da gefe da na gaskiya. Babban ɗansa ya ce in goge shi mana hoton ya fita tsaf. Na ce a gidan nan ba a gogewa.

Washegari aka sauke ledar, aka sa takardar a gilashi aka ɗora a kan akwatin gawa. Tsofaffin sojojin nan uku suka jeru, wannan karon ba wanda ya sauke hannu. Alhaji mai shagon hatsi ya matso ya duba, ya gyaɗa kai, ya ce a yafe masa maganar awaki.

Har yanzu ba a turo malamin zane ba, ni ke riƙe da ajin. Hannuna bai daina nauyi ba, fuskoki kuma har yau suna ba ni wuya. Ranar Asabar nakan je in zauna da matarsa a ƙarƙashin mangwaro in zana tulun nan, kujerar katako na gefe ba kowa a kai. Yanzu da ba mai jira na, ban taɓa fashi ba.

Kawu, ka gafarce ni. Allah ya ba ka hutawa, ya ba Inna Babba da matarka da 'ya'yanka haƙuri, ya sa yadda mahaifiyarka ta gane ka a bakin gida, haka a gane ka a can a buɗe maka. Ƙasan takardar nan har yau ba rana a rubuce. Wurinka ne, na bar shi fari.